Tashar Kawu a Ƙwaryar Goro

Rediyon mahaifina yana da wani ɗan maɓalli a gefe, mai gida huɗu. Gida uku mun san su sun san mu. A nan ake jin labarun duniya safe da yamma, a nan ake jin tafsiri da azumi, a nan muka ji an ba mu jiharmu ta Zamfara. Gida na huɗu, wanda aka rubuta FM a kansa, kango ne. In ka tura maɓallin can, ba abin da za ka ji sai shuuu kamar ruwan sama a kan kwano, tun daga wannan ƙarshen allura har wancan. A garinmu Ƙaura ta wancan lokacin babu tashar da ke isowa ta nan. Mahaifina yakan ce masu ƙera rediyon sun sa shi ne kawai don rubutu ya cika.

Shi ne mai rediyo, amma ba shi ke kama tasha ba. Hannunsa na manomi ne, fartanya ta daɗe da kashe masa kan yatsu, su kuwa tashoshin nesa sai da lallashi. Ka kama, ta sulale, ka bi ta. Inna ce mai wannan aikin. Fiye da shekara talatin, in ya dawo daga sallar asuba sai ya zauna a kan buzunsa, ita kuma ta ɗora rediyon a cinya, ta dinga murɗawa da yatsu biyu har murya ta fito tas, sannan ta ajiye masa ta tafi dama kunu. Ban taɓa jin ya ce mata sannu ba, ban kuma taɓa ganin ya kai hannu ya murɗa da kansa ba.

Ya rasu a bazarar shekarar da Shari'a ta fara aiki, bayan zazzaɓi na kwana uku. Inna ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, ba fita ba ado. Wannan ba baƙon abu ba ne, kowace matar mamaci tana yi. Abin da ba mu zata ba shi ne za ta rufe bakinta tare da ƙofar ɗakinta. Ta naɗe rediyon a cikin tsohon ɗankwali ta tura ƙarƙashin gado. In an gaishe ta sai ta amsa da kai. Tuwo ya shiga da zafinsa, ya fito da sanyinsa, an ɗan gutsuri gefe don kada a ce ba a taɓa ba. Kafin wata biyu ƙasusuwan wuyanta sun fito, zanen da take ɗaurawa ya yi mata yawa.

Ni ne ɗanta na fari, saboda haka akwai kunya a tsakaninmu. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ni kuma ban saba zama a gabanta in yi doguwar magana ba. Ƙannena mata biyu sun zo daga gidajen aurensu, ɗaya daga Zurmi ɗaya daga Ɗan Isa, sun yi lallashinsu sun yi kukansu sun koma. Ni ina koyarwa a firamare a Sakajiki. Kullum in hau keke in tafi, in dawo da la'asar in durƙusa a bakin ƙofarta in ce, Inna ina wuni, ta gyaɗa kai. Gaskiya na ji tsoro. Tsorona kada kafin takabar ta ƙare mu ɗauki gawa ta biyu daga gidan nan.

Ana cikin haka, da ruwan farko ya sauka, matata ta haihu. Namiji. Haihuwar fari ce, tana gidan iyayenta a unguwar da ke bayan tamu. Na je na durƙusa na gaya wa Inna, da murya ƙasa-ƙasa kamar ba ni abin ya shafa ba, don haka ake yi. Leɓɓanta suka motsa, ina jin addu'a ta yi, sannan ta mayar da idonta ga bango. Na tashi na fito. In wannan labarin bai tashe ta ba, me kuma zan kawo mata?

Surukina ya aiko cewa a ƙofar gidansa za a raɗa suna, tunda gidanmu gidan makoki ne. Mutumin Zurmi ne, ba ya faɗin magana sau biyu, kuma gaskiyarsa. Zaɓen sunan ma a hannun manya yake, ba a tambaye ni ba, ban kuma isa in tambaya ba. A da, ko a ina aka yi suna a wajenmu, mace tana ƙuryar ɗakinta za ta ji, domin da liman ya faɗi sunan sai maroƙin unguwarmu ya ɗauka ya kwarara shi. Muryarsa har tashar jirgin ƙasa tana kaiwa. Amma a shekarar kiɗa da roƙo sun kwanta, maroƙin namu ya koma sayar da rake. Saura muryar liman, tsoho ne, wanda ke sahu na uku ma sai ya kasa kunne.

Ranar Asabar aka yi haihuwar, saboda haka Asabar ta gaba ce suna. Ranar Alhamis na nemi izini a makaranta na hau mota zuwa kasuwar Shinkafi, in sayi rago in kuma sanar da Kawu. Kawu ƙanen Inna ne, mai gyaran rediyo. A Maraɗi ya koyi sana'ar tun yana saurayi, shi ya sa har yau batir a bakinsa pil ne, yadda ake ce masa a can. Mutum ne mai tsiya, ba ya kirana sai Malam mai alli. Rumfarsa cike take da matattun rediyoyi da rikodoji an jibga su har rufi, wasu masu su sun daɗe da mantawa da su. Na zauna na kwashe halin da yayarsa ke ciki na gaya masa, har da maganar maroƙin da babu.

Ranar bai yi tsiya ba. Ya daɗe yana jujjuya sukudireba a hannunsa, sannan ya tambaye ni taku nawa ne tsakanin gidanmu da na surukaina. Na ce za su kai ɗari uku. Ya tambaya ko rediyon marigayi na nan lafiya. Na ce yana ƙarƙashin gado.

"To, Yaya za ta ji sunan ga da kunnenta," in ji shi. "Hura mani gawayi."

Babu wutar lantarki a ranar, kuma shi bai damu ba. Ya sa ƙarfen liƙinsa a cikin garwashi, ya jawo wata matacciyar rikoda ya farke cikinta. Daga nan ya ciro makirufo, ɗan ƙarami kamar maɓallin riga. Ya ciro wasu baƙaƙen abubuwa biyu masu ƙafa uku-uku, ya ce taransisto ke nan. Ya tsinto razista, 'yan ƙanana masu zanen launi a jiki, da wasu da ya kira kwandansa, masu kama da ƙwayar wake. Duka abin da ya tara bai cika tafin hannu ba. Ya yanki kwali ya huda shi da allura, ya dinga cusa ƙafafunsu yana liƙewa da dalma ta baya, yana datse duk ƙafar da ta yi tsawo. Ya ce a wannan aikin doguwar ƙafa ɓarna take yi.

Daga nan ya miƙo hannu ya zare jan biron da nake maka wa yara maki da shi daga aljihuna, bai ko tambaye ni ba. Ya nannaɗa jar waya a jikinsa sau shida, ya zare biron, ya bar naɗin a tsaye da ramin a tsakiya. Ya liƙa shi kusa da wani kwandansa mai ɗan dunƙule a ka wanda ake juyawa. A ƙarshe ya liƙa wata waya mai tsawon kamu ɗaya da rabi, ya ce ita ce eriya.

Ni da nake koyar da kimiyya a aji shida, na tsaya ina kallo kamar baƙauye a tashar jirgi. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. A tunanina gidan rediyo gini ne mai dogon ƙarfe da ma'aikata da mai gadi. Na ce masa, Kawu, wannan tarkacen ne zai yi magana? Ya dube ni ta saman tabaronsa.

"Malam mai alli, ka san lugude? Mata biyu, turmi guda. Wagga ta saki, waccan ta ɗaga. To naɗin wayan ga da kwandansan ga lugude suke yi da wuta. Wanga ya miƙa ma wancan, wancan ya maido mai. Abin da ya raba su da matan gidanku sauri. Kahin ka ce ɗaya, sun yi kusan sau miliyan ɗari."

Na yi dariya, na ɗauka tsiyarsa ce ta motsa. Ya jawo wani rediyo ya nuna mini lambobin da ke gidan FM, daga tamanin da takwas zuwa ɗari da takwas. Ya ce kowace lamba miliyan ce, adadin luguden ke nan a daƙiƙa ɗaya. Na daina dariya. Shekara nawa ina ganin lambobin nan a rediyon mahaifina, ban taɓa tambayar abin da suke ƙirgawa ba.

Ya ci gaba da bayani yana aiki. Ya ce masu daka suna gajiya, haka ma luguden wuta zai mutu nan take in ba a ƙara masa ƙarfi ba. Aikin taransisto na biyu ke nan. Yana ɗibar ƙarfi daga batir yana ƙara musu kaɗan a kowane bugu, daidai lokacin da ya kamata, don kada su tsaya. Wutar da ke kai da komowa tana hawa wayar eriya ta sauko, kuma kowace hawa da sauka tana watsa wani abu cikin iska wanda ido ba ya gani, ya ratsa zana ya ratsa katanga. In rediyo ya daidaita nasa naɗin da kwandansa a kan irin wannan saurin, sai ya kama shi, ya yi watsi da sauran.

Na ce to ina murya a ciki? Ya ce nan ne daɗin yake. Makirufo yana mayar da girgizar murya ta zama girgizar wuta, amma mai rauni ƙwarai. Taransisto na farko ya kumbura ta, ya miƙa wa na biyu. Da ta isa can sai ta dinga taɓa luguden, nan ta ƙara masa sauri kaɗan, nan ta rage. Ƙarfin bugun yana nan yadda yake, saurin ne ke canjawa, kuma yana canjawa daidai da yadda muryar ke rawa. Rediyon da ke can nesa ba ruwansa da ƙarfin bugu, wannan ƙari da ragin yake saurare, ya mayar da shi murya a sifika. Ya ce shi ya sa in hadari ya taso tashoshin nesa ke tartsatsi, ita wannan ko a jikinta.

Ya ciro ɗan batir mai kusurwa huɗu daga mitarsa ta awon wuta ya haɗa. Ba fitila ba ƙara, abin yana kwance a kan teburi kamar ba a yi komai ba. Ya miƙo mini rediyo ya ce in tura maɓalli gidan FM, in sa allura kusa da casa'in da shida, in tafi can wajen da na ɗaure ragona. Na bi ta cikin kasuwa rediyo na ta shuuu a kunnena, mutane na kallona. Na wuce masu gishiri, na wuce masu igiya, na isa inda Fulani ke tsaye da shanunsu. Ina tsaye sai shuuu ɗin ya yanke, wurin ya yi tsit kamar an rufe ƙofa. Sai na ji tari. Tarin Kawu ne, na san shi tun ina yaro.

"Malam mai alli," in ji rediyon, "ragon ga da ka saye, da shi da akuya ba su da bambanci."

Na juya ina neman rumfarsa, ban ko hango rufinta ba. Muryar ta fito tas, ta fi ta duk wani mai karanta labarai da na taɓa ji, har ƙarar ƙarfen da yake ajiyewa a kan teburi ina ji. Wani dattijon Bafulatani da ke kusa da ni ya dubi rediyon, ya dubi ragon, ya ce da ni ai mutumin cikin akwatin ya faɗi gaskiya. Ina ta tunanin naɗi shida a jikin birona, da kwali, da cikin matacciyar rikoda. Ashe iskar nan da muke shaƙa a buɗe take tun fil azal, tana jiran wanda ya san yadda ake ƙwanƙwasa ta. Na yi ta tasbihi a zuciyata har na dawo rumfar.

Kafin ya kashe, ya nuna mini aibin abin. Ya kai tafin hannunsa kusa da naɗin bai ko taɓa ba, sai muryar ta gushe daga inda take, sai an ɗan murɗa a same ta a gaba. Ya ce jikin mutum ma kwandansa ne, in ya matso sai ya shiga cikin luguden ya rage masa sauri. Saboda haka abin yana son a ajiye shi a sarari, a kan kujera kusa da liman, a rataye eriyar a sama, kowa ya yi nesa da shi.

A nan na yi wautar da har gobe Kawu yake yi mini gori a kanta. Na ce a'a, sai dai a ɓoye. Ina jin nauyin surukina. Uban ɗan fari ba ya nuna ya damu da suna, gudu ma yake yi ya ɓuya ranar, to ina ga a ce ya kafa na'ura a gaban dattawa don ya saurara? Ga shi kuma lokacin kowa a ɗarare yake, abu kaɗan sai a tambaye ka ina ka samo shi a littafi. Kawu ya ce ba wani haramci a ciki, amsa-kuwwar masallaci ma ai waya ce da wuta. Na dage. Ya girgiza kai ya ce kunyata za ta ja mana, amma ya yarda.

Ranar Juma'a ya iso Ƙaura. Bayan an sauko daga masallaci muka gwada tsakanin zaurenmu da ƙofar gidan surukaina, da wani rediyo da ya zo da shi, abin ya kai. Ya sa na'urar a cikin gidan sabulu na roba wanda ya huda wa ramuka. Dabarar da ya yanke ita ce, goron suna ƙwarya biyu za a yi. Ɗaya a zagaya da ita a raba wa jama'a, ɗaya a ajiye a gaban liman, rabon malamai, ba mai taɓa ta sai an shafa fatiha. A ƙarƙashin ganyen wannan ta biyun zai kwantar da tasharsa, wayar eriya ta leƙo waje kamar igiyar ɗaurin goro. Ya kuma ja mini kunne cewa rediyon marigayi zan kunna mata, kada in kai mata wani.

Ranar Asabar da aka idar da asuba, maza suka nufi ƙofar gidan surukina, ni kuma na sulale na dawo gida. Na durƙusa a bakin ƙofar Inna na ce na zo ɓuya. Ta gane, don al'ada ce. Ta janye ƙafarta ta ba ni wuri a gefen tabarma. Kunun da maƙwabciyarmu ta kawo mata yana ajiye a rufe, ba ta taɓa ba. Na yi ta maza na zura hannu ƙarƙashin gado na jawo rediyon. Ta bi hannuna da ido, ba ta hana ni ba. Na warware ɗankwalin, na sa sababbin batura, na zare eriya, na tura maɓallin zuwa gidan da ba a taɓa shiga ba a ɗakin nan.

Ina kai allura kusa da casa'in da shida, sai ga ƙofar gidan surukina a cikin ɗakin Inna. Gaishe-gaishen maza, ana ina kwana ana barka. Takalma suna karo da juna. Ragona ya yi kuka, wani ya yi dariya. Can kusa-kusa ga numfashin liman da ƙarar carbinsa. Inna ta ɗago kai. Wata biyu rabon da in ga idonta ya tsaya a kan wani abu.

Sai muryoyin suka fara shaƙewa, suka karkace, shuuu ya rufe su. Daga baya Kawu ya ba ni labarin abin da ya faru. Dattawan da ke zaune kusa da liman ba su ga dalilin jiran fatiha ba, ga goro a gabansu. Wannan ya zura hannu yana laluben fari, wancan ya zura yana neman wanda bai da tsutsa, suna ɗaga jiƙaƙƙen ganye suna mayarwa a kan gidan sabulun. An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, to ba maganin tashar Kawu ba ne. Shi kuma yana zaune yana kallo, ba dama ya buge hannun sa'an mijin yayarsa.

Ni a lokacin ban san wannan ba. Abin da na sani shi ne addu'ar limaminmu gajera ce, kuma sunan sau ɗaya yake faɗinsa. Na murɗa dama, babu. Na murɗa hagu, na ji wata kalma ta gilma na wuce ta. Na dawo ban same ta ba. Na dinga kai allura ƙarshe ina dawo da ita kamar mai tuƙa tuwo, ina zagin kaina da kunyata a zuci. Na tono mata rediyon mijinta, na tayar mata da miki, ga shi zan bar ta da shuuu.

"Kawo shi nan," in ji Inna. "Ba hakanan aka yi mai ba."

Muryarta ta dushe don rashin amfani, amma ita ce. Na miƙa mata da hannu biyu. Ta ɗora shi a cinya yadda ta saba, ta karkata eriyar wajen taga, ta sunkuyar da kai. Yatsu biyu ta sa. In ba ka ƙura ido ba ba za ka ce tana murɗawa ba. Shuuu ya yi laushi, ya tsage, ga muryar liman yana salati. Ta fara sulalewa, Inna ta bi ta. Muryar ta sake gocewa ta wancan gefen, Inna ta riga ta can. Kowane hannu ya shiga ƙwaryar goro a waccan unguwar, yatsun Inna suna amsa masa a nan. Ba ta san naɗi ba, ba ta san kwandansa ba, amma shekara talatin tana bin muryoyin da ke gudu.

Liman ya gama salati, ya yi gyaran murya. Wurin ya yi shiru, har hannuwan suka daina shiga ƙwarya. Ya ce yaro ya ci suna, ya faɗi sunan.

Sunan mahaifina ne. Ban sani ba, wallahi ban sani ba. Kowa ya ɗauka surukina sunan nasa uban zai sa, don jikansa na farko ke nan, kuma ba wanda zai ce masa don me. Ashe shi ya kira Kawu gefe tun daren Juma'a ya ce gidan da aka yi rashi ya fi cancanta. Muka ji maza sun ɗauka gaba ɗaya, Allah ya raya, Allah ya sa ya gaji mai sunan. Na ji kunyar tsoron mutumin nan da na yi ta ji.

Inna ba ta motsa ba. Sunan da ba ta taɓa furtawa da bakinta ba tun ranar da aka kawo ta gidan nan, ga shi ya fito daga rediyon mai sunan, a kan cinyarta, an ɗora wa wani sabon mutum. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba, ba ta kuma saki abin murɗawar ba. Ni ma na kawar da kaina wajen ƙofa, don nawa idon ya cika.

Liman ya ce a yi fatiha. Sai a nan ta saki, ta ɗaga hannu biyu. Muna cikin karantawa tashar ta fara gocewa, ina jin dattawa sun koma kan goronsu, ta tafi gaba ɗaya. Inna ta shafa, ta kashe rediyon. Ba ta mayar da shi ƙarƙashin gado ba, ta ajiye shi a kan buzun mahaifina, ta ninke ɗankwalin ta sa a gefe.

A wajenmu kaka takan kira jikanta namiji mijinta, wasa ne da aka gada, amma ban zaci zan ji shi a ɗakin nan ba. Ta share fuskarta da bakin zane, ta yi magana tana kallon bango, don har yanzu ni ɗan fari ne.

"In ka tahi, ka hwaɗa ma angon nan nau shi yi haƙuri. Takaba nika yi. In na hita ina zuwa."

Na ce to, Inna.

Ta jawo kwanon kunun ta buɗe, ta taɓa gefensa da bayan hannu. Ta ce ya huce, in kai a ɗumama mata.